Buhun da Na Cusa a Tagar Kaka

Bari in fara da laifina, kafin wani ya riga ni faɗa ya ƙara masa gishiri. Ni na toshe tagar madafar Kaka. Ba zanzaro ba ne ya yi gini a wurin, kamar yadda na taɓa gaya wa Kawu Mamman. Ni ne, Bashiru, da hannuwana biyu, da tsohon buhun taki, da laka cike da kwano.

Tun da aka yaye ni aka kawo ni Mungadi wurin Kaka Hajo, mahaifiyar Innata, saboda ni ɗan fari ne. Ni da ita kaɗai ne a gidan. Tana kirana Maigida, ina kiranta Amarya, kullum kuma muna cikin shari'ar kuɗin cefanen da ban taɓa bayarwa ba. Sana'arta daddawa. Wanda bai taɓa ganin ana dafa kalwa ba, bai san taurin kai ba. Wake in ka ba shi wuta ya sallama kafin azahar. Kalwa kuwa sai ta wuni cur a tukunya tana harararka. Da rani Kaka kan kafa murhu a tsakar gida. Da damina sai ta koma madafa, wani ɗan ɗakin laka mai ƙofa ɗaya da taga ɗaya can sama, faɗin faifai. Itace a jiƙe, kara a jiƙe, wani lokaci har da busasshen kashin shanun da Fulani suka bari a gonarmu. Bangon ciki ya yi baƙi har yana ƙyalli.

Wannan taga kuwa shagon da nake kwana take kallo, daidai igiyar da nake rataye kayan makaranta. Duk hayaƙin da ya fito, rigata yake fara gaisarwa. 'Yan ajinmu a Maiyama suka sa mini suna Banda. Kuliyoyin garin suna rako ni har bakin aji. Ranar da malamin lissafi ya tsaya kusa da bencina ya shaƙi iska ya ce wa ya shigo da kifi, aji ya kwashe da dariya har da masu faɗuwa ƙasa, ranar na yanke shawara. Da Kaka ta tafi barkar suna, na taka turmi na cusa buhu a tagar, na shafe da laka sumul. Washegari rigata ƙal. Na ji kamar a ba ni sarautar magina.

Wannan a farkon damina ne, daminar da aka yanke mu daga Sakkwato aka ce mun zama 'yan jihar Kebbi.

Kaka dama tana tari tun da na san ta. A wurina tarin nan kamar carar zakara ne, da shi nake sanin gari ya waye. Amma wata biyu bayan aikin nawa sai tarin ya sake murya. Da yana fitowa ne ya wuce. Yanzu sai ya kama ta ya riƙe, ta dafa bango, idanunta su kawo ruwa, ƙirjinta yana wani kuka siriri kamar an taka ɗan tsako. Daga rijiya zuwa ɗaki sai ta huta sau biyu.

Makon farko muka ce sanyi ne. Citta, kanumfari, masoro, zuma, man shanu. Duk matar da ta zo sayen daddawa sai ta bar mana magani, har na ga alamar gidanmu ya fi kasuwar Maiyama saiwoyi. Wata ta ce a daina ba ta ruwan randa. Wata ta ce ruwan randa kaɗai za a ba ta. Na bi ta farko da safe, ta biyu da yamma, don kada in yi wa kowa rashin kunya.

"Maigida," in ji Kaka, tana kallon ƙoƙon da na miƙa mata, "wanga kuma na wace kishiya ta? Kashe ni kaka so ka yi ka kawo yarinya?"

"Sha dai, Amarya. In kin mutu wa zai wanke min kwano?"

Ta sha, ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Ni kuma na ɗaga kai na dubi wurin da taga take a da. Ranar ne abin ya fara taɓa ni, amma na ce wa raina kai, ina ruwan taga da ƙirji.

Mako na biyu Kawu Mamman, ɗanta, ya zo daga Jiga Birni a kan kekensa. Manomin albasa ne, kuma a ganinsa duk abin da bai gagari albasa ba bai kamata ya gagari mutum ba. Ya saurari tarin sau ɗaya ya ce ya gane shi, iska ce ta shige ta, hayaƙi za a yi mata. Ya kwance wani ƙunshi na ɓawon itace da ganyaye da wani abu mai kama da ƙahon akuya. Aka zuba garwashi a kasko, aka barbaɗa, aka zaunar da Kaka a kan kujera 'yar tsugunno, aka lulluɓe ta da bargo ita da kaskon.

"Kai, riƙe gefen can," in ji Kawu. "Kada ka bari ko kaɗan shi hita. Maganin na cikin hayaƙin."

Na riƙe. Na sa gwiwa na danne. Muna jin ta a ciki tana tari tana bugun bargon, Kawu yana cewa, "Ka ji ko? Shina hita! Cutar na hita!" Da muka yaye, leɓunanta sun yi wani launi kamar na toka, ta kasa ko zagina. Sau uku muka yi mata haka a makon, da safe bayan ta karya. Wannan shi ne laifina na biyu, sai dai shi muna da yawa a cikinsa.

A nan ne Kawu ya leƙa madafa neman garwashi ya ce, "Ina tagar ɗakin ga?" Ni kuma na ce zanzaro ne. Ya dube ni, ya dubi bangon, ya ce lallai zanzaron bana sun ƙoshi.

Mako na uku ƙafafunta suka kumbura. In ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi tasowa, kamar tuwon da ya kwana. Ta daina iya kwanciya. Sai dai a jingina ta da bango a tara mata matasai, ta yi gyangyaɗi a zaune. Aka aika wa Inna, mahaifiyata, ta zo daga Aliero. Inna ba ta faɗin sunana saboda kunyar ɗan fari, don haka duk jinyar nan sunana ya koma "wani ya kawo ruwa", "wani ya ɗaga ta", "wani ya kore kajin can". Ni ne wani. Wata maƙwabciyar Inna ta aiko cewa a kawo Kaka Aliero wurin masu ɗori, wai ƙashin ƙirji ne ya goce. Kaka ta ce a gaya mata ta gode, amma ita ba ta faɗo daga kan kuka ba.

Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. In na ce hayaƙi ne ya kama ta, to ai Kawu da hayaƙi yake magani, kuma ya girme ni da shekara talatin. In na ce ba hayaƙi ba ne, me ya sa duk lokacin da na wuce madafa nake kawar da kai? Na yi niyyar fasa lakar. Sai na tuna in na fasa za a ga buhun, kuma zanzaro ba ya sayen taki.

Mako na huɗu Kawu ya fitar da albasar da yake ɓoyo sai ta yi tsada, ya sayar, muka ɗauki Kaka a bayan akori-kura zuwa wani asibiti a Jega. Ni aka tura layin kati. Layin nan, wallahi na shiga ina ɗan sakandare, na fito ina jin na isa aure. Wani tsoho a gabana ya ce shi ciwon da ya kawo shi ya warke tun ɗazu, yana tsaye ne kawai don kada wahalarsa ta tafi a banza. Da na karɓi katin na ga an soke Sakkwato da biro an rubuta Kebbi a sama. Na nuna wa Kaka. Ta ce, "Oho. Ni dai ban ƙaura ba, an ce na bar Sakkwato. Allah sa ciwon ma an bar shi can."

Aka ba ta gado. Da farko an yi zaton tarin nan ne mai yaɗuwa, aka ba mu 'yar kwalba ta tofa majina, aka ce a ware mata kwano da moɗa. Wannan ya fi ciwon ƙona mata rai. Kwana uku tana juya mini baya wai na guje ta. Sakamako ya fito ba shi ba ne. Sai aka yi hoton ƙirji. A nan dole in gode wa wata ma'aikaciyar jinya, doguwa mai tsagen Zabarmawa, da ta riƙa juya Kaka tana shafa mata baya tana ce mata Inna, ko da yake ni ta kore ni daga ɗakin mata sau bakwai, sau ɗaya da tsintsiya.

Likitan saurayi ne, Hausarsa irin ta rediyo. Ya kira mu ni da Kawu, ya ɗaga hoton a jikin taga. Ni dai ban ga komai ba sai haƙarƙari da gajimare.

"Tana shan taba?" in ji shi.

Kawu ya miƙe tsaye. "Likita, uwata ta hwa! Mi kaka nuhi?"

"Zauna, Malam, tambaya ce. Ina take girki?"

Ni na ba da amsa. Na faɗi madafa, na faɗi kalwa, na faɗi jiƙaƙƙen kara. Taga ce kawai ban faɗa ba. Ya tambayi shekara nawa tana yi. Kawu ya ce tun kafin a haife shi. Likita ya ajiye hoton ya faɗi maganar da har yau take kaina.

"Hayaƙi ba iska ba ne. Gari ne. Gari mai laushin da ido ba ya gani. Masu girman cikinsa hanci yana tare su, ka fyace su fita. Ƙananan su ne mugaye. Su wuce har ƙasan huhu su zauna, ba sa fita. Kun ga bangon madafar nan? To ita ma bango gare ta a ciki. Yanzu zuciya ce take wahalar tura jini ta cikinsa, shi ya sa ƙafa ta kumbura."

Kawu ya girgiza kai. "Matan garinmu dut cikin hayaƙi sunka tashi, tun kakanni. In hayaƙi na kisa, da ba a bar mace ko guda ba."

"Ba kowa yake kashewa ba, kuma ba rana ɗaya yake yi ba. Amma duk inda hayaƙi ya fi yawa, an fi yawan ɗaukar makara. Ku tuna tsofaffin unguwarku. Su wa suka tafi da tari?"

Tambayar Kawu aka yi wa, amma bakina ya riga hankalina. Na ce Dije mai waina. Na ce Ta-Annabi mai ƙuli-ƙuli. Na ce makahon maƙerin bakin kasuwa. Ina shirin kawo ta huɗu Kawu ya take mini ƙafa.

"Ajali na," in ji shi.

"Ajali ne," in ji likita. "Wanda ya faɗa rijiya ma ajali ne, amma na ga kuna yi mata murfi. Me kuka ba ta a gida?"

Kawu ya lissafa citta da zuma. Bai faɗi kasko ba. Ni ma ban faɗa ba. Bargon nan ya zauna a tsakaninmu kamar mutum na uku.

Da muka fito na ce wa Kawu na manta hulata, na koma da gudu. Na ce, "Likita, a ce wani yaro, ba ni ba, wani dai, ya toshe tagar madafar wata uku. Shi ya jawo?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Wata uku bai gina abin da na gani a hoton nan ba. Aikin shekara arba'in ne." Har na fara jin iska ta shige ni, sai ya ƙara da cewa, "Amma bai taimaka ba. Ka ce wa yaron ya je ya buɗe."

To wanne zan ɗauka? Na fita da rabin magana a kowane aljihu. In na taɓa wannan in ji sanyi, in na taɓa wancan in ji zazzaɓi. Ga shi kuma tun da aka ce mini hayaƙi gari ne, sai na ga Jega gaba ɗaya ta zama injin niƙa. Tirela ta wuce ta tuƙe ni da baƙi. Mai tsire yana fifita nasa. Masu babbakar kan saniya sun cinna tsohuwar taya. Bayan tasha ana ƙona bola. Na ce ni kam ba zan ci garin kowa ba, na riƙe numfashi daga ƙofar asibiti da niyyar sai bakin kasuwa. Ban kai ko rumfar mai shayi ba na ga taurari, na zube kan buhunan wani mai barkono. Abin da na shaƙa a wurin ya fi na tirela.

Kwana goma sha ɗaya muka yi. Allura da ƙwayoyin fitsari suka sa ƙafar ta saɓe, numfashin ya ɗan lafa. Aka sallame mu da sharaɗi ɗaya: kada ta ƙara kusantar hayaƙi. Sharaɗin yana da sauƙin faɗa a ofis. A gida kuwa da me za a dafa tuwo? Inna ta mayar da murhu bayan gida, iska ta riƙa kawo shi ta kan katanga. Aka kunna maganin sauro mai naɗi, na kashe, sauro suka yi walima da mu. Aka kunna fitilar aci-bal-bal, na tsaya ina kallon baƙin zaren da ke tashi daga bakinta, na rasa ko ita ma in kashe. Kawu ya zo da sabon ƙunshi, ya tsaya a zaure yana juya shi a hannu, daga baya ya mayar da shi aljihu. Ban taɓa ganinsa ya yi ƙanƙanta haka ba.

Babbar matsalar ita ce Kaka da kanta. Mata suna ta sallama suna tambayar daddawa, wai miyarsu ta lalace tun da ta kwanta. Wannan magana ta fi allura tashe ta. Ranar wata Asabar da hantsi, a mako na bakwai, Inna ta tafi rijiya, ni kuma na zagaya. Ina dawowa na tarar da tabarma babu kowa. Ga Kaka a ƙofar madafa, ta dafa bango, da ashana a hannu.

"Amarya! Mi kika yi nan?"

"Duba tukunyata nika yi. An hana ni dubawa ma?"

"Da ashana aka duba tukunya?"

Ta ɗaga kai. Sama take kallo. Tun ranar da muka dawo daga Jega na fasa lakar na zare buhun na jefa a masai, kuma ban tsaya nan ba, na sa fartanya na faɗaɗa tagar har akuya za ta iya wucewa. Hasken rana ya shigo ya sauka kan baƙin bangon.

"Wa ya ɓata min aikin mijina?" in ji ta.

Na ce, "Wane aiki?"

"Tagar da ka lulluɓe min. Kana zaton ban sani ba? Sawun yatsunka biyat na bisa lakar, da wanga karkataccen ɗan yatsa naka. Tun ranar da na dawo suna na gani. Na ce Allah sarki, Maigida ya ga feshin ruwa na kashe min wuta. Har gidan Liman na kai labari, na ce ku naku mazan mi sunka taɓa gyara muku?"

Na zauna a bakin ƙofar. Wata huɗu ina ɗauke da abin nan kamar dutsen niƙa, ashe ita tana yawo da shi gida-gida tana yanga. Da na yi shiru da ya fi mini sauƙi. Amma na gaya mata. Na ce ba don ruwa ba ne, don rigata ne. Na faɗi malamin lissafi, na faɗi kuliyoyi, na faɗi sunan da aka sa mini. Na faɗi abin da likita ya ce, duka rabi biyun. Ina magana majina tana zuba, ban ma san na fara kuka ba.

"Mi sunka ce maka?"

"Banda."

Ta fara dariya. Ta yi dariya har ashanar ta faɗi, har ta sulale ta zauna kusa da ni, dariyar ta koma tari, tarin ya riƙe ta har na tsorata na fara kiran Inna. Da ya sake ta, ta share ido da bakin zane.

"Banda. Wallahi ɗiyan ga sun iya suna." Ta numfasa. "Kai, sakaran miji. Uwata cikin ɗakin ga ta dahwa kalwa, taga buɗe, kuma da wanga tari ta tahi. Mu mun ɗauka gado na, kamar haƙoran gaba. Kai ka toshe mata?"

Na ce a'a.

"To tashi ka kama ni. Kuma kada ka gaya ma matan gidan Liman. Bar su da ta farko, ta fi daɗi."

Na ce, "Kin yafe min?"

"Sai ka biya cefane."

Na kai ta tabarma. Ba ta sake neman ashana ba, ba kuma don ta yarda da likita ba, ƙarfin zuwa madafar ne ya ƙare. Ta sa Inna ta kafa tukunya a fili can ƙarƙashin dalbejiya, ita kuma tana daga ƙofar ɗaki tana ba da umarni kamar direban da aka ƙwace wa mota. Daddawar ta fito, ta ɗanɗana ta ce ta masu koyo ce.

Har yau ban san kwana nawa buhuna ya ci daga cikin kwanakinta ba, ko bargon da na danne da gwiwa. Na tambayi Liman ya ce kwana ba ya raguwa. Na tuna likita ya ce bai taimaka ba. Kowannensu in yana magana sai in ji shi ne mai gaskiya. Abin da na sani kawai shi ne, duk gidan da na shiga yanzu sai na leƙa madafa na duba bango, har an fara cewa jikan Hajo ya taɓu. In kana da tsohuwa mai tari, je ka duba naku. In an kawo kasko da bargo, ka ce kai hannunka yana ciwo.

A mako na tara ƙafafun suka sake kumbura, wannan karon har ciki. Muka yi shirin komawa Jega ranar Alhamis. Kaka ta rasu ranar Laraba bayan la'asar, a zaune, jingine da bango, kanta a kafaɗata, ana cikin yankan gero. Ranar sadakar uku aka yi ruwan ƙarshe na shekarar, matan da suka zo girki suka kwashe itacensu a jiƙe suka shige madafar.